Shekarar da Aka Haifi Maijidda

Tudun Garba, ta Gangara
14 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga Yaya Jaye ɗan Buba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, ina tambayar lafiyarka da ta bisashe da ta waɗanda kuka yi kudu tare. Ko da mun kwana biyu ba mu zauna ba, ka san ni: Wada ne ɗan Jatau, mushen lakol, wato malamin makarantar boko, jikan Gimbiya wadda take ciki ɗaya da kakarka. Ku kuka riƙe sanda, mu muka koma hauya, amma nono ɗaya ne.

Mu nan sai godiya. Gwaggonka Gogo tana nan da ƙafarta, sai ciwon gwiwa. Ɗiyarka Maijidda da ka bari wurinta lafiya lau, ta ƙara tsawo ta rage jiki kamar kowa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Rabin gari ya watse. Ran da aka buɗe lakol, yara arba'in da ɗaya na samu cikin saba'in da shida.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bana ce shekarar Maijidda ta ƙarshe a wurina. In Allah ya kai mu watan Yuni za ta zauna jarrabawar sartifika, wanda ya ci kuma ya wuce kolej. Tun ran da mai gari ya kawo ta lakol, yau shekara biyar, na buɗe mata shafi cikin wani kaye, wato littafin rubutu, da nake riƙewa. Kowane yaro da nasa. Ina rubuta abin da ya iya da abin da ya gagare shi, da ranakun da bai zo ba, da ciwon da ya yi, don in lokacin zaɓar masa hanya ya zo kada in yi ta da ka. Nata ya kai shafi goma sha ɗaya. A lissafi ba ta da na biyu. Faransanci tana ji fiye da yadda take faɗa, kunya ke riƙe mata baki. Bara akuyar mai gari ta kumbura, ita ta ce a duba ganyen da ta ci, kuma haka ne. Bana na rubuta cewa tana ɓoye abincin da ake ba su a lakol cikin gyalenta tana kai wa Gogo. Yarinya irin wannan, in ta samu hanya, malamar dabbobi ce ko ta asibiti. In ta ci, gwamnati za ta ɗauke ta, ci da kwana duk a wuyan gwamnati.

Abu uku nake nema. Wace shekara aka haife ta? Gogo ta ce shekarar yunwar da ta wuce, amma da na matsa sai ta kau da kai ta ce in tambaye ka. Shanu nawa suka rage maka? Kuma ina kake zaune yanzu? Ga takardar shiga jarrabawa nan ciki, a cika maka, ka sa yatsa, ka ba Rabo mai kanwa ya dawo mini da ita. Shi ya san hanyar daji tunda an rufe iyaka.

Ƙanenka,
Wada

*

Daga daji, kudu da Funtuwa
Cikin watan Mauludi

Zuwa ga Mushe Wada,

Wa alaikumus salam. Jam muke, lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ka gaishe da Gogo, ka ce na ji batun gwiwa, ta gasa da kanwa.

Dalhatu tela ne ya karanta mini takardarka a kasuwa, shi ne kuma ke rubuta wannan. Na ce ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara.

Shekara biyar kana rubuta yarinyar nan. Cikin shekara biyar ɗin sau nawa muka gaisa a bakin rijiya? Sau nawa aka kai maka nono daga rugata? Ba ka taɓa cewa, Jaye, ina rubuta ɗiyarka ba. Sai yau da na yi nisa. Abin da ba a faɗa wa uba a gabansa, ni ban ɗauke shi alheri ba.

Na sa Dalhatu ya maimaita mini wuri guda har sau uku. Ka rubuta tana ɓoye abinci cikin gyale. Wato ɓarauniya. A gidan Buba ba a taɓa samun ɓarawo ba, ko da yunwa ta kashe mu tsaye. Wa zai karanta wannan bayan kai? Maganar baki iska ke kwashe ta, ta takarda kuwa har jikoki.

Ka tambayi shanuna. In kai ka manta, kakarka Gimbiya ta san ba a tambayar Bafillace shanunsa. Kuma labari ya iso mu nan cewa ana bin rugage ana sayen shanu da arha, a yanka a shanya. Wa ya aiko ka ƙidaya? Ka tambayi inda nake. Ina inda ciyawa take.

Sai kalmar da ta hana ni cin abinci. Gwamnati za ta ɗauke ta. Na taɓa jin wannan kalma. Haka aka ce ran da aka zo aka kama wana Hamma aka kai lakol, ina yaro. Da ya dawo jana'izar babanmu, da Hausa ya yi wa innarmu ta'aziyya, Fillanci ya gudu daga bakinsa. Ya kwana ɗaya ya tafi. Yau ko garin da yake ban sani ba. Yarinyar nan ba da sona ta shiga lakol ba. Mai gari aka ce ya kawo yara, ya ɓoye nasa ya ba da tawa.

Takardar da ka sa ciki an cika, na sa yatsa. Amma ba ta hannunka za ta bi ba. Na ce Rabo ya kai ta buro, ofishin manyanku, a Agiye da kansa.

Shafukan nan goma sha ɗaya ka yage su ka ba Gogo ta sa a murhu. In zumuncin da ka ambata gaskiya ne, ka yi haka.

Jaye

*

Tudun Garba
9 ga Janairu, 1985

Yaya Jaye,

Gaisuwa da fatan alheri. Gogo na samun sauƙi. Ƙyanda ta shigo gari ta ɗauki yara huɗu, amma Maijidda ta yi tata tun tana aji biyu, don haka kada ka damu. A kayen na duba na gani.

Takardarka ta yi mini zafi, amma na ga inda laifina yake. Ya kamata in faɗa maka tun farko. Ban faɗa ba don na san za ka ƙi, wannan ita ce gaskiya.

Ban rubuta ta ɓarauniya ba, wallahi. Rabonta ne, nata na kanta, take hana cikinta ta kai wa tsohuwa. Na rubuta ne don in san dalilin da ya sa take gyangyaɗi bayan azahar, kada in doke ta a kan yunwa. Tun daga ranar nake sa ta ci rabi a gabana kafin ta ƙulle saura. Ko dai Dalhatu bai karanta maka layin duka ba, ko kai ka ji farkonsa ka toshe kunne.

Shanu kuwa, ana tambaya ne don wanda iyayensa suka rasa dukiya, shi ake fara ba wurin kwana a kolej. Ba wanda ya aiko ni. Bar shi, na janye tambayar.

Shafukan ba zan yage ba. Ba nawa ba ne, ba naka ba ne, nata ne.

Abu ɗaya ke damuna. Me ka sa aka rubuta cikin takardar da ta tafi Agiye? Ka amsa mini da wuri. Rabo bai dawo ba, na ba wani mai raƙumi wannan.

Wada

*

Tudun Garba
17 ga Maris, 1985

Yaya Jaye,

Ina gaisuwa. Wata biyu ba amsa. Ban sani ba ko takardata ta ɓace ne, ko ka karɓa ka yi shiru. Gogo da Maijidda suna lafiya. Rijiyar yamma ta ƙafe.

Ranar Talata sufeton lakol ya zo daga Agiye. Bai zauna ba, bai sha ruwa ba. Ya ajiye takarda biyu a kan teburina. Ɗaya tawa ce, wadda na rubuta an haifi Maijidda wajen 1973. Ɗayar mai yatsanka ce, ta ce 1970.

Ya ce, "Mushe Wada, yarinyar nan mece ce a wurinka?"

Na ce, "'Yar'uwata ce, ta nesa."

Ya ce, "To. Ubanta ya ce shekararta sha biyar. Kai ka ce sha biyu. Ka san wanda ya haura sha huɗu ba ya shiga kolej. Malami ya rage wa ɗiyar danginsa shekara uku, me ake kiran wannan?"

Na ɗauko kaye na buɗe masa. Na ce ga ran da ta zo, hannunta bai kai kunne ba in ta ɗora shi ta bisa kai. Ga lokacin da ta yi famfara. Ya ce, "Kayenka maganarka ce. Wannan kuwa maganar uba ce." Ya sa kayen cikin jakarsa. Ya cire sunanta daga cikin masu jarrabawa a gaban idona. Ni kuma an ɗauke ni daga nan, ƙarshen wata zan koma wani ƙauye can yamma wajen Gidan Sori.

Ban ga laifinsa ba. Da ni ne shi, abin da zan zata ke nan.

Maijidda ba ta yi kuka ba. Da na faɗa mata, cewa ta yi, "Mushe, to in ci gaba da zuwa?" Na ce ta ci gaba. Washegari ita ta riga kowa.

Yaya, ina so in yarda ba kai ba ne. Wane ne Dalhatun nan? Me ya haɗa ku? Mutumin da ya karanta maka tausayi ya zama sata, zai iya jin uku ya rubuta sifiri. Ka kai takardun nan wurin wani dabam ya karanta maka. In kuwa bakinka ne, ka faɗa mini in sani, in daina zargin bawan Allah.

Wada

*

Daga daji
Tsakiyar watan Rajab

Zuwa ga Wada,

Salamu alaikum. Ina da rai. Takardunka biyu rana ɗaya suka zo hannuna. Ta farkon ta yi wata biyu cikin jakar mai raƙumi, jandarma sun tsare shi a iyaka. Da ta zo a kan kari, wataƙila da na bi Rabo na karɓe tawa. Allah bai nufa ba.

Na yi yadda ka ce. Wani malamin asibitin shanu ya karanta mini, har da ta farkon fari. Ya ce maganar gyale ba sata ba ce. Dalhatu daidai ya karanta, ni ne na ji abin da nake tsoro. Ka sake shi. Shekarar ma bakina ce. Ni na tambaye shi, yaro in ya kai nawa lakol ke rabuwa da shi? Ya ce sha biyar. Na ce sa sha biyar. Sau biyu ya ɗaga alƙalami ya ce, Jaye ka tabbata? Na ce sa.

Ka janye tambayar shanu, amma zan amsa, don yanzu ba abin ɓoyewa. Da talatin da huɗu na ƙetaro. Ciyawar nan ba tasu ba ce, ƙudan nan ba su san shi ba. Ciwon sammore ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Biyar suka rage, ɗaya ba ta tashi sai an ɗaga ta. Dā ina cewa yarinyar ta bar lakol ta zo ta kama tatsa. Yanzu me za ta tatsa?

Amma kada ka ce na yarda da kai duka. Akwai abin da na kasa ganewa. Yara saba'in kake rubutawa, ba kai ka haife su ba, ba a ce ka yi ba. Me kake samu? Ban taɓa ganin wanda ke kiwon shanun wani ba ya shan nono. Kuma ga shi kayen da ka ce nata ne yana cikin jakar wani mutum a Agiye. Abin da na ji tsoro ke nan tun farko, ko ba haka ba?

In akwai gyara ka faɗa. In babu, ka faɗa.

Jaye

*

Kukar Chindo, ta Gidan Sori
28 ga Afrilu, 1985

Yaya Jaye,

Na samu takardarka a nan, Rabo ya biyo ni da ita. Allah ya mayar maka da alheri a kan shanu. Ni ina lafiya. Lakol ɗin nan rumfar kara ce, yara sha tara, ban san ko ɗayansu ba. Na sayi sabon kaye.

Batun jakar sufeto, ka yi gaskiya. Abin da aka rubuta yana iya faɗawa hannun da ba a nufa ba.

Me nake samu? Ina aji shida malaminmu ya tafi, wani ya zo. Sabon bai san ni ba. Ya gan ni ina in'ina, ya ce wannan ba kan karatu gare shi ba, ya mayar da ni bencin baya. Shekara biyu na rasa kafin wani ya lura na fi kowa rubutu. Da na farkon ya bar layi biyu a kaina, da ba a yi haka ba. Iyakar abin ke nan. In ka ga nono a ciki, to shi ne.

Gyara ɗaya ce, kuma ba ta hannuna. Ka zo Agiye da ƙafarka ka tsaya gaban alƙali, da shaidu biyu, ka ce takardar farko ba daidai ba ce, ka faɗi shekarar gaskiya. Ranar Alhamis yake zama. Ana rufe sunayen masu jarrabawa ran ashirin ga Mayu, wato bakin azumi.

Ba zan ɓoye maka ba, a gaban mutane ne. Za a ce ka yi ƙarya, kuma za a tambaye ka sunan yarinyar, sai ka faɗe shi da bakinka. Na san 'yar fari ce, na san ba ka taɓa kiran sunanta ba. In ka ga ba za ka iya ba, ba zan ƙara rubuto maka a kan wannan ba.

Wada

*

Agiye
Azumi saura kwana uku

Zuwa ga ƙanena Wada,

Salamu alaikum. Ina fata kana lafiya a baƙon wuri. Gogo na gaishe ka. Wani mai rubuta takardu a bakin tasha ke rubuta wannan. Bai san ni ba, ban san shi ba, shi ya sa na zaɓe shi.

Na bar shanun wurin Garba abokin tafiyata, na taho. Kwana tara a ƙasa. Na biya Tudun Garba na ɗauko Gogo da yarinyar a amalanke, mai gari ya zo shi ne shaida na biyu. Bai so ba, na ce kai ka ba da ita, kai za ka tsaya.

Ɗakin cike yake. Har da mutanenmu biyu da suka zo shari'ar rijiya, sun san babana. Alƙali ya ɗaga takarda ya ce, "Yatsan wa ke nan?" Na ce nawa. Ya ce, "Abin da ke ciki gaskiya ne?" Na ce a'a. Ya ce, "An yi maka kuskure ne?" Na ga ƙofa ce ya buɗe mini. Na ce, "Ba a yi ba, ni na sa." Wani ya yi dariya a baya. Ban waiwaya ba.

Ya ce, "Sunan yarinyar?" Na dubi Gogo, ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Na faɗa. Ya ce bai ji ba. Na faɗa da ƙarfi. Yarinyar tana zaune a bakin ƙofa, ta ɗago kai tana neman wanda ya kira ta, ba ta gane muryar ba.

Sufeton nan ya zo da kayenka. Ashe ya karance shi duka. Alƙali ya ce a karanta wurin haƙora, aka karanta, aka mayar da Hausa. Na ce a ci gaba, ina so in ji abin da aka rubuta a kan ɗiyata. Suka dubi juna, aka ci gaba. Na ji ran da kunama ta harbe ta, ban sani ba. Na ji ran da ta raba faɗa. Na ji inda ka ce an sa kowa ya zana gidansu, ita ta zana saniya da mutum riƙe da sanda ya ba da baya. Na ji inda ka tambaye ta innarta, ta ce a gidansu ba a faɗa. A nan na ce ya isa.

An rubuta 1973. An mayar da sunanta. Na tambayi sufeto batunka, ya ce sai an yi hutu a duba. Na ce laifina ne, ya ce ya ji, amma sai an yi hutu. Kolej kuwa ban ce na yarda ba tukuna. Ta zauna jarrabawar, in ta ci mu yi magana, ni da kai da ita.

Saura abu ɗaya. Alƙali shekara kawai ya nema, na ba shi. Kai ka yi asara a kanta, ya kamata ka san abin da ya sa Gogo ta kau da kai.

Da bazarar waccan shekarar muna wata rijiya arewa da Dakwaro. Nan aka haife ta. Ruwan rijiyar ya koma laka, shanu suna faɗuwa. Uwarta ba ta iya tafiya, jini bai tsaya ba. Na ce zan kai shanu ruwa in dawo cikin kwana uku. Ta ce, kada ka tafi. Mace ba ta faɗa wa miji haka a wurinmu, amma ta faɗa. Na bar su da Gogo, da akuya ɗaya da salkar ruwa ɗaya, na tafi. Kwana tara na yi. Na iske Gogo zaune tana ɗiga wa jaririya nonon akuya da tsumma, ga tudun ƙasa a gefe da ƙaya a kai. Shanun da na tafi dominsu, kafin ruwa ya sauka bakwai suka rage.

Salamatu sunan uwarta. Shekara sha biyu ban faɗe shi ba, yau na faɗi suna biyu.

Yarinyar ba ta sani ba. Ni zan gaya mata da bakina in ta gama jarrabawa. Wannan kada ka sa shi a kaye, Wada. Ka riƙe shi a cikinka.

Wanka,
Jaye ɗan Buba